Whinge: Yadda Bature Ke Cewa Ka Cika Mita

Jama'a masu sauraro, mun sake saduwa a filinmu na harshe, inda kowane mako muke ɗauko kalmar Turanci guda mu feɗe ta har wutsiya.   

Kalmar yau ba ta da tsawo. Mai biro a kusa ya rubuta: W, H, I, N, G, E. Harafi shida ne, amma a baki gaɓa ɗaya ce tak: winj. Na san halin bakinmu. Bahaushe ba ya son kalma ta mutu masa a kan baƙi, sai ya liƙa mata wasali a gindi, shi ya sa muke da benci, muke da canji, muke da inci. To idan ka sakar wa harshenka linzami, winji zai ce. Ja shi. Ana tsayawa ne cak: winj.

Ba haka kawai na zaɓo ta ba, ɗan ƙanwata ne ya ja. Yaron ya samu gurbin karatu a wani gari a arewacin Ingila, ya sauka ana shiga sanyi. Ba irin hunturunmu ba da rana ke fitowa ta kore shi kafin hantsi. Can ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, ga yayyafi ba dare ba rana. Ana cikin haka na'urar ɗumama ɗakinsa ta mutu. Kwana uku yana kwanciya da rigar sanyi biyu da safa da hula. Duk wanda ya gamu da shi sai ya sha labari, har wani abokin karatunsa Bature ya dafa kafaɗarsa ya ce masa, "Stop whingeing, mate." Yaro ya ji sabuwar kalma, ya zaro waya ya duba ƙamus, ya ga an fassara ta da complain. Ya ce madalla, abin nema ya samu. Ya zauna ya rubuta wa ofishin da ke kula da gidajen ɗalibai takarda, ya buɗe ta da cewa, "I am writing to whinge about the heating in my room." A zatonsa ya burge su da Turancin 'yan gari.

Washegari ya je bin sawun takardarsa. Matar da ke kan tebur ta ɗago ta dube shi, ta danne dariya, ta yafito abokiyar aikinta ta nuna mata allon kwamfuta. Da dare ya kira ni. Ya ce, "Kawu, wai me na faɗa ne?" Na ce, "Ɗana, ce musu ka yi: na rubuto ne domin in yi muku mita." Ya yi shiru. Can ya ce, "Innalillahi."

Kun ga inda gizo ke saƙar. Ƙamus bai yi masa ƙarya ba, rabin zance ya ba shi.

Bari mu fara daga gida, don Hausa ta riga ta rarrabe wannan abu tsaf. Idan dabbobi suka shiga gonarka suka cinye gero, ka je gaban dagaci ka ce, "Ranka ya daɗe, kuka na kawo." Wannan kuka ne, koke ne: yana da dalili, yana da wanda ake kai wa, ana kuma sa ran a share hawaye. Idan 'yan unguwa suka ce wata uku famfo bai kawo ruwa ba, ƙorafi suke yi. Idan maigida ya aiki yaron shago da tsakar rana, ya fita yana magana ƙasa-ƙasa, ba ya so a ji, ba ya kuma so a rasa ji, gunaguni ke nan, wasu su ce ƙunƙuni. Sai mita. Ita mita jininta daban ne.

Kowa ya taɓa shiga motar haya da mai mita. Tun a tasha yake farawa: kujera ta matse shi, kuɗin mota ya yi yawa, 'yan kamasho sun cika surutu. Mota ta tashi, direba na gudu, so yake ya kashe mu. Direba ya rage, to yanzu kuma sai yaushe za mu isa? An sauke gilashi, ƙura. An ɗaga, zafi. An tsaya salla, an daɗe. Ba gyara yake nema ba, don in an gyara wannan zai lalubo wancan. Muryar ma siririya ce, tana ja kamar sauro a kunne. Har wata dattijuwa a kujerar baya ta gaji ta ce, "Haba Alhaji, ka bar mu mu ji da hanya mana." To wannan bawan Allah, da a motar mutanen Ingila yake, sunansa whinger, abin da yake yi kuma whingeing. Akwai naci a cikin kalmar, akwai raki, akwai ɗan ƙamshin shagwaɓar yara.

Amma abin da nake so ya zauna muku yau shi ne, wannan kalma ba ta mai magana ba ce, ta wanda ya gaji da sauraro ce. Kun taɓa ganin wanda ya shiga fada, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mita na zo yi"? Babu. Kowa a wurin kansa kuka ya kawo. Wanda aka kawo wa ne ke yanke hukunci ya ce mita ce. Kalmar complain labari kawai take bayarwa: wane ya nuna rashin jin daɗinsa. Ba ta ce yana da gaskiya ba, ba ta ce ba shi da ita ba. Whinge kuwa ta riga ta zauna ta yi shari'a ta tashi: abin da yake kuka a kai bai taka kara ya karya ba, kuma ya ishe mu. Abin da ya ba matan ofishin nan dariya ke nan. Ɗan ƙanwata ya shigar da ƙara, ya kuma kori ƙarar da hannunsa, duk a layi ɗaya.

To daga ina wannan raini ya shigo kalmar? Daga kare. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila wajen shekara dubu da suka wuce, akwai kalmar hwinsian, tana nufin kukan da kare ke yi idan an ɗaure shi ko an rufe masa ƙofa. Ba haushi ba, haushi ai na masu ƙarfin hali ne. Siririn kukan nan nake nufi na neman a tausaya. Har yau Jamusawa suna da 'yar'uwarta, winseln, kuma har yau kukan karen take nufi. Saboda haka idan Bature ya ce maka kana whingeing, ko bai san tarihin ba, da ɗan kwikwiyo a bakin ƙofa ya haɗa ka.

Kun ji na ce hwinsian, H kafin W. Haka ake rubutawa a da, haka ake furtawa. Daga baya, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066 rubutu ya sauya salo, aka juya haruffan suka koma WH. Shi ya sa what da when da where suke ɗauke da H ɗin da yawancin Turawa ba sa furtawa yanzu. A Sikotlan da Ailan kuwa har gobe za ka ji ana hura ta.

Ita whinge ta daɗe a zaune a Sikotlan da arewacin Ingila, kamar yadda za ka ji wata kalma a bakin Basakkwace, Bakano ya ce bai san zancen ba. Sauran masu Turanci sun fi riƙe da 'yar'uwarta whine, W, H, I, N, E, wadda asalinta ƙarar kibiya ce idan ta keta iska. Ita ana furta ta wain, daidai da yadda ake kiran giyar inabi, don haka a yi hattara da wurin da ake faɗinta. Whine ta fi karkata ga sauti: inji yana yi, sauro yana yi, kare yana yi, yaro mai rigimar alewa yana yi. Whinge kuwa yau ta mutane ce, kuma ta fi kallon halin mutum a kan muryarsa. Ba'amurke da wuya ka ji whinge a bakinsa, whine yake sa wa duka biyun. Kada kuma a haɗa da abin da samarinmu ke faɗa da Turancin buroka, "you dey whine me?" Wannan cewa suke yi zolayata kake yi, ko raina mini hankali kake so ka yi. Namu ne na gida, ba ruwansa da mita.

Inda whinge ta yi ƙaurin suna ba a Ingila ba ne, a Ostareliya ne, kuma labarin ya isa a tsaya a ji shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Ostareliya cikin fargaba. Ƙasa ce da ta ninka Najeriya sau takwas a faɗi, amma a 1945 mutanenta ba su kai miliyan 8 ba. A watan Fabrairun 1942 jiragen Japan sun yi wa garin Darwin ruwan bama-bamai. Hukuma ta ga cewa ko ta cika ƙasar da mutane, ko wata rana wasu su zo su cika mata ita. A 1945 aka kafa ma'aikatar shige da fice, aka naɗa Arthur Calwell ministanta na farko, aka kuma fito da wani shiri: duk baligin Birtaniya da ke son ƙaura ya biya fam 10 kacal, hukuma ta cika sauran kuɗin jirgin ruwa, yara kuma kyauta. Sharaɗin shi ne ka zauna shekara biyu. In ka juya kafin nan, sai ka mayar da kuɗin da aka kashe a kanka, ka kuma nemi na komawa.

Ku dubi Ingilar lokacin. Bama-bamai sun rushe gidaje, abinci da kati ake sayensa, kuma ba a daina rabon nan na kati gaba ɗaya ba sai 1954. Sai ga hotuna a bango: rana tana haskawa, bakin teku, gida da fili, aiki yana jira. Wa zai ƙi? Tsakanin 1945 da 1972 sama da mutum miliyan ɗaya suka bi wannan hanya. A cikinsu akwai wata ƙaramar yarinya daga yankin Wales da iyayenta suka tafi da ita a 1966, Julia Gillard, wadda a 2010 ta zama mace ta farko da ta riƙe firaministan Ostareliya. In faɗa muku wani abu a gefe: wannan araha ta farar fata ce. Tun 1901 ƙasar take da dokar tare wa wanda ba Bature ba hanya, ba a kuma binne wannan manufa ba sai 1973. Da kakana ya tashi daga Kano da fam gomansa a aljihu, alhali shi ma a ƙarƙashin tutar Ingila yake a lokacin, ko matakalar jirgin ba zai taka ba.

Mutanen Ostareliya suna kiran Baturen Ingila Pom. Masu ƙamus sun fi karkata ga cewa daga pomegranate aka yanko ta, wato rumman, saboda sautinta ya yi kama da immigrant, baƙo ɗan ƙaura. Su waɗannan baƙi sai aka sa musu Ten Pound Poms, Turawan fam goma.

Bayan makonni a kan teku suka sauka, gani ya kori ji. Da yawa ba gida da fili suka tarar ba, sansani aka kai su, wasu tsoffin barikokin soja ne. Ɗakunan na kwano ne, kamar an tsaga ganga biyu an kife. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu ba ya bukatar in yi masa bayani. Da rana tanda, da sanyin dare ƙanƙara. Banɗaki na taron jama'a, abinci na layi, ga ƙudaje. Wasu watanni suka yi a nan, wasu shekaru. Suka fara magana: ba haka aka ce mana ba. 'Yan ƙasa suka dube su suka ce, an kawo ku kusan kyauta, an ba ku wurin kwana, sannan ku ishe mu? Daga nan laƙabin ya fito ya manne: whingeing Poms, Turawan Ingila masu mita. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka tattara suka koma gida. Abin dariya, wasu da suka koma suka tarar da hazo da sanyin da suka manta, sai suka sake ɗaure kaya suka juya Ostareliya. Har yau laƙabin na nan. Duk lokacin da ƙasashen biyu suka haɗu a wasan kurket, Ingila ta sha kashi ta ce alƙalin wasa ne ko fili ne, za ka ji an zaro shi.

Yanzu ku taya ni dubawa. A cikin mutanen nan akwai masu mita na gaskiya, waɗanda shayi bai yi musu ba, burodi ba irin na gida ba, rana ta yi yawa, kamar ba ranar suka biyo ba. Waɗannan kukan daɗi suke yi, sunan ya dace da su. Amma uwa mai 'ya'ya uku a ɗakin kwano, wadda aka nuna wa hoton gida aka kawo ta bariki, ita ma mita take yi? Ni a ganina kuka ta kawo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai kalma ɗaya ta haɗa su duka ta yi musu kuɗin goro. Da zarar an ce whingeing, an huta da sauraro, an huta da bincike, an huta da gyara. Amfanin kalmar ke nan ga wanda ake kai wa kuka, haɗarinta ke nan ga mai kukan.

Mu ma mun san wannan dabara, ba sai an koya mana ba. Ma'aikaci ya yi wata uku ba albashi, ya buɗe baki, a ce ya cika ƙorafi. Matar gida ta ce cefane ba ya isa, a ce mita irin ta mata. Ba a musa abin da suka faɗa ba, sunansa kawai aka canza. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu fassara labarai da ɗalibai masu karanta jaridun Ingila: idan kuka ga jarida ta ce wasu ma'aikata ko manoma suna whingeing, ku sani jaridar ta riga ta zaɓi ɓangare. Kada ka fassara ta da "sun koka", don ka wanke abin da marubucin ya shafa wa baƙi. Kada kuma ka ɗauki hukuncinsa ka mai da shi naka. Ka ce jaridar ta kira abin da suke yi mita.

Akwai wuri ɗaya da Bature ke ɗora wa kansa kalmar, kada wani ya ji ya ce na yi ƙarya. Cikin abokai, bayan an tashi aiki, zai iya cewa, "I'm just having a whinge." Wato ku bar ni in ɗan yi mitata in huce. Amma ku lura, da bakinsa yake cewa kada ku ɗauki zancen nan da nauyi, ba gyara nake nema ba. Tsakanin abokai wannan sauƙin kai ne. A takardar ofis kuwa harbin kai ne a ƙafa, ko in ce daɓa wa ciki wuƙa.

Ga yadda ake ɗaura ta a jimla. Ba ta hawa kan abu kai tsaye, sai da ɗan tsani. Abin da ake mita a kansa, about ake sa masa: "He is always whingeing about the heat," kullum yana mitar zafi. Wanda ake yi wa mitar, to ake sa masa: "Don't whinge to me," kada ka zo mini da mita. In an ƙara on, an ƙara mata tsawo ke nan, "she whinged on," ta yi ta yi ba ƙaƙƙautawa. Uwa za ta faɗa wa ɗanta, aboki ya faɗa wa abokinsa da wasa. Amma yadda ba za ka dubi mahaifinka ko malaminka ko surukinka ka ce ya cika mita ba, haka ba ka faɗa wa na gaba da kai da Turanci. Baƙon harshe ba ya cire wa rashin kunya dafi.

Wajen rubutu akwai ɗan saɓani. Wasu suna barin E su rubuta W, H, I, N, G, E, I, N, G, don kada a karanta ta kamar winging. Wasu suna jefar da E ɗin. Duka biyun ƙamus ya karɓa. Yaranmu da suka karanta littattafan Harry Potter, waɗanda J.K. Rowling ta fara fitarwa a 1997, sun ga marar E ɗin ba su sani ba. Garin da yaron ya tashi a hannun danginsa masu ƙyashi da ƙorafi, sunan da marubuciyar ta ƙirƙira masa shi ne Little Whinging. Da Bahaushiya ce, da Unguwar Mita za ta ce. Ɗan Ingila yana gani yake murmushi, mu kuwa mun wuce ta kamar sunan gari ne kawai.

Tana da dangi, bari in gaisa da biyu-uku a tsaye. Grumble ita ce gunaguninmu, har sautinta ya nuna, daga maƙogwaro take fitowa kamar rugugin hadari daga nesa. Ta fi whinge mutunci nesa ba kusa ba, don dattijo yana grumble ba a raina shi ba. In ka tambayi tsohon Bature ya gida, sau da yawa zai ce, "Mustn't grumble," ma'ana bai kamata in yi gunaguni ba. Ita ce "sai godiya" tasu. Kuma kamar mu, yana gama faɗa zai gyara zama ya fara lissafo ciwon gwiwa da tsadar kaya. Sai gripe, wadda iyaye mata suka sani ba su san sun sani ba. Asalinta damƙa ce, daga nan ta koma murɗawar ciki, shi ya sa ruwan maganin nan da ake ba jarirai masu ciwon ciki, wanda William Woodward ya haɗa a Ingila a 1851, ake ce masa gripe water. Daga murɗar ciki ta koma ƙorafin da ke cin mutum a rai. Moan kuma nishi ne na mai ciwo, amma a bakin ɗan Ingila ta zama mita ita ma.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci, ku kun san râler da râleur, to kusan nan ne. Kuna kuma da labarin da ke nuna cewa gunaguni ba kullum yake zubar da mutunci ba. Tsoffin dakarun da ke gadin Napoleon, waɗanda ya fi amincewa da su, laƙabinsu les grognards, masu gunaguni. Suna tafe suna ƙunƙuni, amma suna tafe. Ba wanda ya taɓa jin laƙabin a matsayin zagi. Whinge ba ta taɓa samun irin wannan daraja ba, kuma ban ga alamar za ta samu ba.

To idan kukanka na gaskiya ne, wace kalma za ka ɗauka? Complain, sunanta kuma complaint. Ita ce ta ofis, ta kotu, ta asibiti. Likita yana rubuta cewa marar lafiya complains of ciwon kai, ba wanda zai ce raki yake yi. Mai ƙara a gaban 'yan sanda complainant ne. Hukumar nan ta karɓar koke-koken jama'a da aka kafa a Najeriya a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammad, sunanta Public Complaints Commission. Ku gwada cire kalmar tsakiya ku sa tamu ta yau, ku ji yadda za ta koma Hukumar Mitar Jama'a. Wa zai taka ƙofarta?

Haka na sa ɗan ƙanwata ya yi a daren nan. Na ce ya goge layin farko ya rubuta, "I am writing to complain about the heating in my room." Ya faɗi ranar da na'urar ta mutu, ya faɗi lambar ɗaki, ya faɗi abin da yake so a yi da ranar da yake so a yi shi. Layi huɗu, ba raki, ba labarin safa da hula. Ya ce, "Kawu, ba zan ƙara da cewa na kusa mutuwa ba?" Na ce, "Kul." Kwana biyu aka turo mai gyara. Matar ofishin kuwa, har ya gama karatunsa in ta hango shi sai ta yi murmushi ta tambaye shi ko yau ma da abin da ya kawo.

Agogo ya ce mu tsaya nan. Ga aikin gida kafin mako mai zuwa: kowa ya rubuta jimla biyu a kan abu ɗaya da ke damunsa, ɗaya da complain, ɗaya da whinge, ya karanta wa wani a gida, ya tambaye shi wacce ce za ta sa ya tashi ya taimaka. Ku aiko mana da abin da kuka samu, za mu karanta wasu a farkon shiri na gaba. Wanda kuma yake ganin shirin yau ya yi tsawo, ƙofa a buɗe take, ya rubuto mana complaint, za mu duba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.